WASAN SARƘA DA YOYON MAI A BABUR NA HANYAR DAJI

A ƙauyukan da kwalta ba ta kai ba, babur shi ne dokin ma'aikaci. Shi ke kai malamin gona wurin manoma, shi ke kai malamin asibiti da akwatin allurar rigakafi, shi ne kuma ke ɗauko marar lafiya daga ruga zuwa bakin titi. In ya mutu a tsakiyar daji, ba mai shi kaɗai ya yi hasara ba, har da mutanen da ke zaune suna jiran isowarsa.

Abubuwa biyu ne suka fi damun masu irin wannan babur. Na farko shi ne wasa, watau mutum ya ji wani abu yana ƙwanƙwasa ko yana fizga daga baya duk sa'ad da ya murɗa mai ko ya saki. Na biyu shi ne yoyo, watau ya tashi da safe ya tarar da ɗigon baƙin mai a ƙasa, ko ya ga ƙura ta daskare baƙi ƙirin a jikin inji. Mutane da yawa suna ɗaukan waɗannan cututtuka biyu ne daban, alhali sau da yawa maganin da aka yi wa na farko shi ke haifar da na biyu. Mutum ya ji sarƙa tana kaɗawa, sai ya ɗaure ta tamau kamar tsirkiyar baka, bayan 'yan makonni sai mai ya fara zuba ta bayan ƙaramin faifai. Saboda haka abin da wannan takarda za ta bayyana shi ne yadda ake rarrabe wasan da maƙera suka bari da gangan da wasan lalacewa, da kuma yadda ake bin sawun mai har a kai ga ainihin inda yake fita, kafin a kashe ko kwabo a wurin gyara.

Bayanin ya shafi babura masu inji ɗaya waɗanda iska ke sanyaya su, irin su Yamaha AG100, wanda aka fara ƙerawa a 1973 domin aikin gona, da ƙaninsa AG200, da baburan Honda masu inji irin na CG125 wanda ya fito a 1975, da sauran waɗanda aka ƙera bisa tsarinsu.

HANYAR DA ƘARFIN INJI KE BI

Kafin ƙarfin inji ya kai ƙasa, sai ya bi ta hannu da yawa. Inji yana juya kuloci, kuloci ya juya giya, giya ta juya wata sandar ƙarfe wadda ta leƙo waje ta gefen inji. A bakin sandar nan aka zura ƙaramin faifai mai haƙora, wanda makanikai ke kira sufuroket. Sarƙa ce ke ɗaukan ƙarfin daga ƙaramin faifai zuwa babban faifai na ƙafar baya. A yawancin babura akwai 'yan robobi tsakanin babban faifai da cibiyar ƙafa, aikinsu shi ne su shanye fizga. Daga cibiya ƙarfi ya bi ta wayoyin ƙafa zuwa gargare, daga nan sai taya.

Ita kuma ƙafar baya ba a jikin babur take kai tsaye ba. Wata gwafar ƙarfe mai reshe biyu ce ke riƙe da ita, gwafar kuwa tana lilo sama da ƙasa a kan wata doguwar ƙusa da ke bayan inji, domin ƙafa ta iya bin ramuka da tuddai.

Ko wace mahaɗa a cikin waɗannan tana da ɗan wasanta. In kowace ta ɗan ƙara kaɗan, sai su taru su zama babbar fizga. Don haka ba daidai ba ne a ɗora wa sarƙa laifi tun ba a duba sauran ba.

WASAN DA BA CIWO BA NE

Akwai wasa iri uku da ake samu ko a sabon babur.

Na ɗaya yana cikin giya. In aka ɗaga ƙafar baya, aka sa giya, inji yana kashe, za a ga ƙafar tana ɗan juyawa gaba da baya kafin ta tsaya. Dalili kuwa shi ne giyoyin babur suna kama juna da wasu 'yan ƙahoni masu shiga ramuka, an kuwa yi ramukan da faɗi don giya ta shiga ba gardama. Wannan ba abin gyara ba ne.

Na biyu yana ga ƙaramin faifai. A babura da yawa wani ɗan farantin ƙarfe ne mai noti biyu ke hana shi fita, ba a matse shi a jikin sanda ba. Irin wannan yakan ɗan motsa ciki da waje in an taɓa shi da hannu, haka aka yi shi.

Na uku, wanda ya fi muhimmanci, shi ne sassaucin sarƙa. Ƙusar da gwafa ke lilo a kanta tana bayan ƙaramin faifai ne, ba wuri ɗaya suke ba. Saboda haka tazarar da ke tsakanin faifan biyu tana sakewa duk sa'ad da ƙafa ta hau ko ta sauka. Sarƙa ta fi ɗaurewa a lokacin da ƙaramin faifai da ƙusar gwafa da tsakiyar ƙafar baya suka daidaita a layi ɗaya, wannan kuwa yakan faru ne sa'ad da aka hau babur da kaya, ko ya faɗa rami. To, sarƙar da aka ɗaure tamau babur yana tsaye ba kowa a kai, ina za ta sami wurin miƙewa in an aza buhu biyu an shiga hanyar shanu? Sai ta ja sandar giya da ƙarfin tsiya. Boris ɗin da ke riƙe da sandar ya fara ci, sanda ta fara rawa, robar da ke tare mai a bakinta ta buɗe, mai ya sami hanya. Ga yadda neman maganin wasa ke jawo yoyo.

Baburan kwalta yawanci ana bar wa sarƙarsu wasa na milimita 20 zuwa 30, watau wajen inci ɗaya. Na daji kuwa, da yake ƙafarsu ta fi nisan hawa da sauka, sukan bukaci fiye da haka, wasu har milimita 40 ko 50. Ko wane babur da nasa ma'auni, yana rubuce a littafinsa, wani lokaci kuma a kan wata 'yar takarda da aka manna a jikin gwafa ko murfin sarƙa. Wannan ma'auni shi ne abin bi, ba ganin ido ba.

YADDA AKE BINCIKEN WASA

A kashe inji, a zare mabuɗi, a ɗora babur a kan jak ko a kan kututture har ƙafar baya ta bar ƙasa. Baburan da sarƙarsu ke cikin akwati, irin su AG, suna da ɗan rami mai murfin roba na leƙawa, amma don cikakken bincike gara a cire akwatin. Sa'an nan a bi waɗannan bi da bi.

1. Wayoyin ƙafa. A bi su ɗaya bayan ɗaya ana ɗan bugawa da sufana. Wadda ke da ɗauri za ta yi ƙara siririya, wadda ta saki kuwa za ta yi ƙara kamar an bugi ice. A ɗaure sakakkun kaɗan kaɗan, kada a matse ɗaya da yawa, don kada gargare ya karkace.

2. Boris ɗin ƙafa. A kama taya da hannu biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, a girgiza ta gefe da gefe. In an ji ƙwas-ƙwas a cibiya, ko kuwa an juya ƙafa an ji tana gurza kamar da yashi a ciki, boris ya mutu. Ba shi da magani sai sabo.

3. Gwafa. A kama ƙarshen gwafa a tura ta hagu da dama. Aikinta hawa da sauka ne kaɗai. In ta motsa gefe, to ko dai notin ƙusarta ya kwance, ko kuwa bushin ɗin ciki ya cinye. Babur mai wannan ciwo yakan riƙa kaɗa gindi a cikin rairayi, yakan kuma tuɓe sarƙa.

4. Robobin cibiya. A riƙe taya da hannu ɗaya, a kama babban faifai da ɗayan, a juya shi gaba da baya. In ya tafi da nisa ba tare da ƙafa ta bi shi ba, robobin sun murƙushe. Wannan shi ne ya fi yawan jawo fizgar da ake ji in an tashi ko an saki mai, shi ne kuma ya fi araha wurin gyara. A duba notocin babban faifai a lokacin. Wasu baburan tsere ba su da robobin nan sam, an ɗaure faifansu a jikin cibiya kai tsaye.

5. Haƙoran faifai. Haƙori mai lafiya gefensa biyu daidai suke, kansa kuma da ɗan faɗi. In ya yi tsini, ko ya lanƙwashe gefe ɗaya kamar ƙugiya, faifan ya gama aiki.

6. Sarƙa. A je can bayan babban faifai, a kama sarƙa da yatsu a ja ta baya. In ta ɗago har aka ga rabin haƙori, ta tsufa. Mai son tabbatarwa sai ya auna. Lambar sarƙa tana buge a jikin 'yan farantanta. A miƙe ta sosai, a ƙirga ƙusoshi 21, a auna daga tsakiyar ta farko zuwa tsakiyar ta ƙarshe. Sabuwar sarƙa mai lamba 428 za ta ba da milimita 254, in ta kai wajen 259 a sake ta. Mai lamba 520 sabuwarta milimita 317.5 ce, iyakarta wajen 323. Ba ƙarfen ne ke miƙewa ba, ƙusoshin ne ke cinyewa a cikin ramukansu, shi ya sa yanke gaɓa ɗaya ko biyu ba ya mayar da tsohuwar sarƙa sabuwa.

7. Sandar giya. A cire murfin ƙaramin faifai. A riƙe sanda a juya faifan. In yana juyawa a kan sanda, ga kuma wani jan gari kamar tsatsa a wurin, tsagogin da suka haɗa su sun ci. Sa'an nan a kama sandar kanta a ɗaga sama da ƙasa. Ko kaɗan bai kamata ta motsa ba. In ta motsa, boris ɗin ciki ne.

Wasu sukan kai wa mai walda ya liƙe faifai a jikin sanda. Wannan dabara ce ta kwana biyu. Zafin walda yana ƙone robar da ke tare mai, kuma ranar da haƙoran faifan suka ƙare ba yadda za a cire shi.

In bincike ya nuna sarƙa ce ko faifai, a sake su uku gaba ɗaya. Tsohon faifai yana cinye sabuwar sarƙa, tsohuwar sarƙa kuma tana cinye sabon faifai, mai sayen ɗaya ɗaya yakan biya sau biyu. Wurin haɗa sarƙa a lura da ɗan makullinta, rufaffen kansa shi zai fuskanci inda sarƙa ke tafiya. In aka juya shi, kara ko dutse na iya ɓalle shi.

DAIDAITA SARƘA

Sarƙa ba ta cinyewa daidai ko'ina. A juya ƙafa a hankali ana taɓa sarƙar ta ƙasa, tsakanin faifan biyu, har a sami wurin da ta fi ɗaurewa, a nan za a yi awo. A sassauta notin sandar ƙafa, a juya notocin ja na hagu da na dama daidai wa daida, ana duban zanen da ke jikin gwafa, don ƙafa ta tsaya sak. A ɗaure notin sanda, a sake awo, gama ɗaurin yakan sake shi. Bayan haka a sa mutum mai nauyi ya hau, a taɓa sarƙar. Tilas ne a sami sauran wasa ko yaya. Daga ƙarshe a duba birkin baya, domin matsar da ƙafa yana sake tazararsa.

Man giya mai lamba 80 ko 90 yana da kyau ga sarƙa. A wanke ta da kananzir, a bari ta bushe, a ɗiga mai, a share wanda ya yi yawa. Giris mai kauri a kan buɗaɗɗiyar sarƙa yana kama yashi, su haɗu su zama kamar dutsen wasa wuƙa. Sarƙa mai 'yan zobban roba a tsakanin farantanta ba a wanke ta da fetur, yana lalata robar.

Faɗakarwa: kada a kuskura a share sarƙa ko a shafa mata mai inji yana aiki. Tsumma yana shiga tsakanin sarƙa da faifai cikin ƙiftawar ido, ya ja yatsu.

BIN SAWUN MAI

Inda mai ya ɗiga ba nan ne ya fito ba. Nauyinsa yana jan sa ƙasa, iska kuma tana kora shi baya, saboda haka man da ya fito daga kan inji yana iya ɗiga ta ƙarƙashi, a zargi notin juye mai a banza.

Da farko a tabbata ko wane iri ne. Wanda ya yi baƙi, ya yi kauri, yana danƙo, ya taru a cikin murfin ƙaramin faifai, sau da yawa man sarƙa ne da ta watsa, ba yoyo ba ne. Fetur ana gane shi da wari, yana kuma bushewa nan da nan. Babur mai ƙona mai tare da fetur, irin AG100, yakan ɗigar da baƙin mai ta bakin salansa.

Sa'an nan a wanke inji tas da kananzir da burushi, a bi da ruwan sabulu, a bari ya bushe. A barbaɗa hoda ko toka mai laushi a duk inda ake zato. A tada inji ya yi zafi, a ɗan zaga na minti goma, a dawo a duba cikin haske. Mai zai zana hanyarsa a cikin hodar. A bi zanen zuwa sama da gaba, inda ya fara nan ne ƙofar.

WURAREN DA MAI YA FI FITA

Kafin a zargi roba ko gasket, a duba abubuwa biyu da ba su cin kuɗi.

Yawan mai. Irin waɗannan injuna ba su ɗaukan mai da yawa, wajen lita ɗaya ne ko sama da haka kaɗan. Ana awo ne babur yana tsaye sak a wuri mai daidai, ba a jingine ba. A ƙananan baburan Honda ana share ma'auni, a zura shi ba tare da an murɗa ba. Wanda ya ƙara mai fiye da zane na sama don tsoron ƙarewa, inji zai nemi hanyar fitar da ragowar.

Bututun numfashi. Fistin yana hawa da sauka, iskar da ke cikin inji kuwa tilas ta sami mafita. Akwai wani siririn bututun roba da aka yi domin haka. In laka ta toshe shi da damina, ko ya lanƙwashe, ko zanzaro ya yi gini a bakinsa, iska za ta matsa mai ta kowace kafa. Mutum ya ga inji yana naso ta wuri uku ko huɗu gaba ɗaya, to ya fara duba bututun nan. In bututu a buɗe yake, amma yana feso hayaƙi da mai, inji kuma ya rage ƙarfi, ringin fistin ne ya ci.

Bayan waɗannan sai sauran.

Notin juye mai. Yana da washa mai taushi wadda ke lotsewa in an ɗaure, ita ce ke tare mai. A sake ta in ta lalace. Ƙara ɗauri ba magani ba ne, jikin inji na alminiyam ne, zarensa yana tsinkewa da sauƙi.

Robar sandar giya, wadda makanikai ke kira sil. Tana bayan ƙaramin faifai. Ban da ɗaurin sarƙa, ciyawa da igiya da zaren buhu sukan nannaɗe a sandar su yanke ta. Ana iya sake ta ba tare da an buɗe inji ba, a yawancin babura. A zaro tsohuwar a hankali kada a karce sanda. A naɗe tsagogin sanda da leda don kada su yanki sabuwar, a shafa wa leɓenta giris, a sa gefen da ke da ɗan zoben waya ya fuskanci ciki, a buga ta a hankali ta shiga daidai. Amma in sanda tana rawa, sabuwar roba ba za ta daɗe ba, sai an sake boris.

Robar sandar sa giya da ta sandar kik. Ƙanana ne, gyaransu iri ɗaya ne da na sama. Faɗuwa takan lanƙwashe sandar sa giya, a duba wannan kafin a sa sabuwa.

Murafan kan inji. Suna da zoben roba wanda zafi ke busarwa har ya taurare. Sabon zobe shi ne magani.

Gasket na murfin gefe da na gindin silinda. Ɗan naso wanda ƙura kawai yake kamawa ana iya tafiya da shi ana lura. Wanda ke ɗiga sai an sake. A kankare tsohon sarai ba tare da an ji wa ƙarfen rauni ba, a ɗaure notoci kaɗan kaɗan ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan. Kada a cika gam. Wanda ya matso ciki yakan gutsure ya toshe rariyar mai, inji ya rasa mai alhali yana cike da shi.

Tsagewa. Dutse yana bugun ƙarƙashin inji, sarƙar da ta tsinke kuma takan dunƙule a gaban ƙaramin faifai ta fasa jikin inji. Hoda tana nuna tsaga ko da ta yi siririn gashi. Farantin kariya na ƙarƙashi ba ado ba ne, kada a cire shi.

Shokozoba na gaba. Ƙurar hunturu da busasshiyar laka suna shiga ƙarƙashin robarsa, sai a ga zoben mai a jikin ƙarfe mai ƙyalli. Wani lokaci siririyar roba mai tsabta da aka zura aka zaga da ita tana fitar da dattin, yoyo ya tsaya. In ƙarfen ya karce ko ya yi tsatsa, sai gyara. Rigar roba mai lanƙwasa da ke rufe shi tana da amfani ƙwarai, in ta yage a sake ta.

Akwai kuma yoyon da ba a gani a ƙasa. A babur mai ƙona mai tare da fetur, in man giya yana raguwa, salansa kuma tana fitar da farin hayaƙi fiye da yadda aka saba, robar cikin inji ta gefen kuloci ce ta mutu, inji yana zuƙe man yana ƙonewa. Haka kuma duk wanda ya ƙetare ƙorama mai zurfi ya duba mansa. In ya koma fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga, a juye shi nan take.

LOKACIN DA BA A HAWA

Akwai halin da ya wajaba a ajiye babur sai an gyara: in mai ya taɓa tayar baya ko ya shiga birki, in sarƙa tana tsallake haƙori ko tana tuɓewa, in ƙafa ko gwafa tana rawa gefe, in kuma mai ya sauka ƙasa da zane na ƙasa. Sarƙar da ta tuɓe ana cikin gudu tana iya cije ƙafar baya ta kayar da mutum. Takalmin birki da ya sha mai ba ya wankuwa, sai sabo.

Daidaita sarƙa, da sake robobin cibiya, da washa, da zobban roba, da share bututun numfashi, duk mai babur yana iya koyonsu. Abin da ya shafi raba inji biyu, kamar sake sandar giya ko boris ɗinta, aikin ƙwararren makaniki ne mai kayan aiki, a wuri mai tsabta, ba a gindin bishiya cikin ƙura ba. Mai babur da ya yi bincikensa tun a gida ya san abin da zai faɗa wa makaniki, ba kuwa za a sayar masa da abin da ba ya bukata ba.

Tsohon man da aka juye a tara shi a galan. Kada a zubar kusa da rijiya ko a gona, kada kuma a shafa shi a miki, na mutum ko na dabba, gama yana da guba.

ABIN TUNAWA

Tun farkon shekarun 1990 ƙungiyar Riders for Health ta koya wa ma'aikatan lafiya a ƙasashe irin su Lesotho da Gambiya su duba abu biyar kowace safiya kafin su hau: fetur, da mai, da daidaiton sarƙa da sauran abubuwan da ke sakewa, da notoci, da birki tare da tayu. Dubawar ba ta cin lokaci mai yawa, kowa kuma yana iya yinta a ƙofar gidansa.

Ga mai bin hanyar daji, a ƙara da waɗannan. Ya duba ƙasan da babur ya kwana kafin ya ture shi. Ya auna sarƙa da ma'auni, in yana shakka gara ta ɗan sassauta da ta ɗaure. Ya wanke ta ya shafa mata mai duk sa'ad da ya fito daga laka ko ruwa. Ya tafi da makullin sarƙa na ajiya, da sufana, da filaya, da ɗan mai a kwalba. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, robar da ake saye da kuɗi kaɗan yau ita ce ke hana a raba inji biyu gobe.